Yadda firintata ta kusa mayar da jar saniya fara

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba na jin zai iya kwashe ranar da wani dattijo makiyayi ya koya mini sana'ata a cikin shagona, a gaban mutane.

Lokacin ina da shagon buga takardu a Tudun Wada, nan Gusau, kuma ban daɗe da sayen firinta mai launi ba, irin mai aiki da hodar tona. Wannan firinta ta sa mini girman kai ba kaɗan ba. Na sa an rubuta "Injiniya" a jikin ƙofa, alhali iyakar injiniyancina shi ne in kashe na'ura in sake kunnawa.

Da hantsi dattijon ya shigo, sanda a kafaɗa, waya ƙunshe a leda. Daga wata ruga yake, can wajen Kekun Waje ta Bunguɗu. Jar saniyarsu ce ta ɓace kwana tara, aka tsince ta a Tsafe, tana ɗaure a gidan mai unguwa. Matsalar ita ce wani mutum ma ya fito ya ce tasa ce. Mai unguwa ya ce kowa ya kawo shaida bayan la'asar a ranar, kuma shi ba ya duba hoto a waya, idonsa ba ya ganin ƙaramin abu, a takarda yake so.

"Kuma ba tawa ba ta, Malam," in ji shi. "Ta mai ɗakina ta, gadon uwatta. Tun randa tab ɓace ko sannu ba ta ce man ba."

Na yi dariya na ce, "Baffa, kwantar da hankalinka. Minti biyu, ka ɗauki saniyarka a takarda."

Hoton kuwa mai kyau ne: saniya jajir tsaye cikin ciyawa, da farin tabo a goshi, shi kuma yana gefe da shuɗiyar riga. Na tura, firinta ta yi gurnaninta, takarda ta fito da ɗumi. Na miƙa masa ina wani ɗage kai.

Ya duba, ya juya ta, ya sake dubawa. Sannan ya ajiye a tebur a hankali.

"Wagga ba saniyarmu ba ta."

Na leƙa. Saniyar ta koɗe, ta koma ruwan kunun gyaɗa, har farin tabon goshin ya narke cikin sauran jikin. Da wannan takarda ya je Tsafe, ba saniya kaɗai zai rasa ba, maƙaryaci za a kira shi a gaban jama'a. Amma da yake tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, sai na ce wayarsa ce ba ta da kyau. Ya nuna mini wayar, saniya tana nan jajir. Na ce to takardar ce ta sha sanyi, na buɗe sabon ƙunshi. Ta fito a koɗe. Na kashe na kunna. Ta fito a koɗe. Na shiga kwamfuta na duba ko na bar ta a kan tsimin tona, domin ni mutum ne mai tsimi, abokaina ma wani suna suke kiran abin. A kashe yake.

Sai na koma ga maganin da duk mai shago ya gada: na ciro baƙin katirij, wato mazubin baƙar hoda, na yi ta girgiza shi kamar mai kaɗa nono. Me ya haɗa baƙi da jar saniya? Har yau ban sani ba. Abin da na saba girgizawa ke nan, shi na girgiza. Hoda ta bule mini a gaban farar shadda.

Kafin azahar shago ya cika. Tela maƙwabcina ya ce wutar janareto ce ba ta da ƙarfi. Wani ma'aikacin sakatariya da ya zo kwafin takarda ya ce su a ofis duka suke ba ta a gefe, ta shiga hankalinta. Wata hajiya ta ce baki ne, in daina yabon na'urar a gaban mutane. Na gwada dukan, ban gwada na hajiya ba don lokaci ya ƙure. Takarda bakwai na ɓata, ga zufa, ga haushi, ga tsoro na gaske, don na ga dattijon ya fara leƙa rana ta ƙofa.

Shi dai dattijon sai ya matso. Ya jera takardun bakwai a kan benci, ya tsuguna yana kallonsu yadda ake kallon garke da safe. Can ya kira ni da sandarsa.

"Malam, zo ka diba. Haki ya hito da kyau, kore shar. Baƙin kofato lahiya lau. Rigata ta ɗan yi haske, amma ita ta. Saniya ɗai ta ba ta da jini. Abin ga naka, ba duka nai ad da ciwo ba. Wurin da ja ka hitowa, nan za ka nema."

Na buɗe baki in ce masa na'ura ba dabba ba ce, sai na tuna. Shekaranjiya na sa sabon jan katirij, ina sauri ina waya. Akwai wata doguwar leda da ake zarewa daga cikinsa kafin hoda ta samu hanya. Na ja ta, ta tsinke a hannuna, na ce ai ta fita. Tun ranar kuwa baƙaƙen wasiƙu kawai nake bugawa, shi ya sa asirina bai tonu ba.

Na ciro jan katirij ɗin, ga guntun ledar nan ya leƙo yana kallona. Na ari hantsakin tela na zaro ta, doguwa, ta fi rabi. Na mayar, na tura hoton.

Saniya ta fito jajir, tabon goshi fari tas. Dattijon ya riƙe takardar da hannu biyu, ya kira sunan saniyar a hankali da Fulatanci, idonsa ya kawo ruwa. Tela ya ce, "Injiniya, a ba Baffa sunan da ke jikin ƙofar nan mana." Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, amma ta yaƙe. Ni na goya shi a babur zuwa tasha da hodata a riga.

Bayan mako guda ya dawo da ƙwaryar man shanu. Ya ce mai unguwa ya ɗora takarda kusa da goshin saniya, tabo ya zo daidai, ɗaya mutumin ya sulale. Na tambaye shi ko mai ɗakin ta huce.

"Ta huce," in ji shi. "Ita ma ta aiko da man ga. Ta ce a ba yaron da ba ya gane ja."

A ranar na kankare "Injiniya" daga ƙofa. Ɗaya daga cikin koɗaɗɗun takardun nan kuma tana manne a bangon shagona har yau. Duk sanda aiki ya lalace na ji bakina yana shirin ɗora laifi a kan wuta, ko takarda, ko wayar mai kaya, sai in kalli farar saniyar nan in yi shiru. Ta koya mini in tsuguna in duba abin da ya ɓace kafin in fara girgiza abin da ke lafiya, kuma in saurari wanda ya san abinsa, ko da sanda ya shigo maimakon takardar shaida.