Kifin Suwed da Burodin Danmak

Duk wanda ya zauna Zango ya san yayana Lawali da piyanonsa a hammata. Ƙarami ne mai aiki da batir, ya saya wajen wani Bakano bayan shi Yaya ya bar fanfara, wato ƙungiyar makaɗan soja. Sai dai ba ya kunna shi. Yana danna shi shiru, ya yi amon da bakinsa. In ka yi magana ya ce batir ba na kowace rana ba ne.

Shekarar da fari ya yi tsanani, danginmu na Dakusa suka taso suka cika masa gida, mutum goma sha ɗaya kan tukunya ɗaya. Ni da nake aure a maƙwabta na gaji da kai musu dusa. A lokacin ne wani Bature ɗan Suwed, mai haƙar rijiyoyi wajen Takieta, ya tsayar da shi a kasuwa, ya ce shi ma yana da irin wannan piyanon, ya roƙi ya ji muryarsa. Yaya ya rera masa da baki. Baturen ya yi dariya har ya dafa bango, ya gayyace shi gida ran Juma'a.

Can ya tarar da wata likita 'yar Danmak, ita ma da nata piyanon. Kiɗan bai yi nisa ba gardama ta tashi kan abincin ƙasar wa ya fi, suka naɗa Yaya alƙali. Ya fara rantsar da su cewa babu alade. Mushe, wato Baturen, ya kawo kifin gwangwani mai zaƙi da tsami, Madam ta kawo baƙin burodi da cuku. Yaya ya ɗanɗana, ya rufe ido.

"Shari'a ba ta son gaggawa. Ku ba ni in tafi da shaidu gida."

Wata bakwai yana ɗage shari'ar nan. Kowace Juma'a ya dawo da gwangwanaye a aljihun riga, mu wanke kifin sau uku mu zuba a miyar kuka. Na ce, "Yaya, ba ka jin kunya?" Ya ce alƙali ba ya jin kunya, bincike yake.

Da za su koma ƙasashensu suka matsa sai ya yanke hukunci. Ya dube su da tausayi.

"Kai kifinka da sukari, ke burodinki ya yi tsami. Ashe ku ma yunwa ce ta koro ku."

Ya miƙa musu ƙullin kilishi, wai su kai wa iyayensu. Daga baya muka ji hularsa ta soja ya sayar ya sayi kilishin.

Mutum goma sha ɗayan nan duk sun koma Dakusa da ƙafafunsu da ruwa ya sauka. Shi kuwa bai taɓa sa kifin a bakinsa a gida ba, wai ya riga ya ƙoshi a kotu.

Allah ya jiƙan Yaya Lawali, ya ciyar da shi abincin Aljanna, ya sa ya huta.