Surukin Direba a Bakin Titin Garo

Shekarar da kiran mota ta waya ya shigo, ni ma na ce sai na ɗana. Na gaji da zama mu huɗu a baya, gwiwar wani a haƙarƙarina. Na latsa waya daga Kano, mota ta zo har ƙofar gida, na hakimce a baya ni kaɗai, za ni Gwarzo.

Direban ɗan ƙasarmu ne, mai ladabi. Tun kafin mu fita gari ya karanta mini dokar kamfani: ba a ɗaukar kowa a hanya, kuma ƙorafi ɗaya ya rage a cire shi daga manhajar. Ya roƙe ni taurari biyar na yabo a waya, kamar ni ke rabon su a sama.

Muna dosar Garo sai na ga ya rage gudu, gumi ya karyo masa. Wani dattijo ne tsaye a bakin titi da sanda.

"Malam, surukina ne," ya ce da ni a hankali. "In na wuce shi, da wane ido zan shiga gidansa? In na ɗauke shi kuma, abincina yana hannunka."

Wallahi ya ba ni tausayi. Na ce ya tsaya, bakina alaikum.

Ya fita ya durƙusa har ƙasa, aka yi gaisuwar da ta isa a kai Kabo a dawo, sannan ya buɗe ƙofar gaba. Dattijon ya ɗan yi jim, ya shiga. Direba bai tambayi inda za a kai shi ba, don ba a yi wa suruki tambaya kamar fasinja. Shi ma dattijon titi kawai yake kallo. Wayar ce kaɗai marar kunya a motar, tana ta ba da umarni da Turanci.

A Gwarzo muka sauka ni da dattijon, direba ya sake durƙusawa, aka sa masa albarka, ya ja mota fuskarsa fal murna. Na danna masa taurarinsa cif.

Sai dattijon ya matso kusa da ni.

"Ɗana, ina ake shiga motar Garo? Ni tsallaka titi zan yi, jakina na can a ɗaure bakin gona. Yaron ne ya buɗe mini ƙofa, ban so in ba shi kunya."