Tsohuwar da Aka Rufa da Bargo

Duk lokacin da aka ɗauke wuta a unguwarmu ta Magariya, maƙwabcinmu ya tada gurup ɗinsa, wato janareta, warin esansi, wato fetur, ya shigo mini ɗaki, sai in tsinci kaina a zauren gidanmu na ƙauye, can gabas da Dungas, ina zaune gindin ƙafar Kaka da ƙoƙon gyaɗa a cinya. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin. Abin da muka kalla a zauren nan bai cika awa biyu ba, amma saura ƙiris ya hana Kaka zuwa Makka.

Bari in fara gaya maka wace ce Kaka, don in ba ka san wannan ba sauran labarin zai zame maka abin dariya kawai. Ita ce mai yi wa gawar mata wanka a garinmu. In mace ta rasu, kafin maza su ɗauki magirbi su nufi maƙabarta, an riga an yi sallama a ƙofar gidanmu. Tana da wata ƴar jaka ta saƙi rataye bayan ƙyauren ɗakinta, cikinta akwai dakakken ganyen magarya, da sabulu, da kafur, da allura da zare. Ta saɓa ta fita, ta dawo ba ta ce wa kowa uffan ba, ta yi wanka, sannan ta ce in dama mata fura. Ban da irin waɗannan ranaku, bakin Kaka ba ya hutawa, kuma ba wanda ya tsira daga gare shi, har liman.

Shekarar da gyaɗa ta yi albarka Baba ya biya mata kujerar Makka. Paspo ya fito, an yi allura, saura kwana goma sha biyu a tafi Yamai a hau jirgi. Kaka kuwa iyakar tafiyarta a duniya Damagaram, ita ma sau biyu. Shi ne Baffa, ƙanen Baba, wanda ke kabu-kabu a Magariya yana kuma ganin ya fi mu wayewa, ya kawo shawara. Ya ce a nuna wa tsohuwa cikin jirgi a tele tun tana gida, ta ga yadda ake zama da yadda ake ɗaura bel, don kada ta je ta ba mu kunya. Ya je wajen mai hayar kaset ya ce a ba shi na jirgin sama, aka miƙo masa. Bai tambayi abin da ke ciki ba, bai kuma kalla ba.

Bayan azahar aka haɗa kaya. Mai injin niƙa ya ba da aron gurup, aka rataya tabarmi a ƙofar zaure don a sami duhu. Da yake don Kaka aka yi, mata ne a gaba da kwandunan gyaɗarsu suna ɓara, maza a tsaitsaye a baya, yara duk inda suka sami kafa. Mutanen cikin kaset Faransanci suke yi, saboda haka aka ɗauko mushen lakwal, malamin makarantar bokon garinmu, aka ba shi kujera kusa da tele ya riƙa fassara.

Da farko abin ya tafi yadda Baffa ke so. Yana tsaye yana nuni da sanda: ga kujera, ga bel, ga inda ake ajiye kaya, waccan ƙofar ban ɗaki ce. Kaka ta ce kujerun sun matsu, mutum ba shi da inda zai miƙe ƙafa. Ta ce ƴan matan da ke rabon abinci a saya musu zane. Can ta hango wata tsohuwar Baturiya mai furfura, zaune jikin taga da ƴar jaka a cinya, ta ce ga tsararta nan, da ita za ta zauna.

Sai aka miƙa wa wani fasinja takarda. Mushe ya gyara zama ya ce an rubuta cewa akwai abin fashewa a cikin jirgin, kuma wanda ya ɓoye shi yana nan cikin mutane, ba a san ko wane ne ba. Ƙarar ɓarar gyaɗa ta ɗauke ɗif. Daga nan zauren ya koma kotu. Mai injin niƙa ya rantse mai tabarau ne, don tun da ya shigo bai gai da maƙwabcinsa ba. Mata suka ce a'a, wancan ne da aka kai wa abinci ya ture. Mahaucin garinmu, ƙato da shi, ya riƙa daka wa tele tsawa yana cewa a duba baya, a duba baya. Mushe kansa ya saki baki ya manta da aikinsa, sai an zungure shi yake faɗar kalma biyu. Baffa ya ga inda aka dosa, ya lallaɓa zai kashe, maza suka yi masa ca, ya koma ya raɓe jikin bango yana satar kallon uwarsa.

Ana cikin haka jirgin ya yi ƙasa kamar zai faɗi, mutane suka yi ta kururuwa, a ciki da wajen tele. Tsohuwar nan ta jikin taga ta dafe ƙirji, kanta ya langaɓe. Ɗaya daga cikin ƴan matan ta zo da gudu ta taɓa wuyanta, ta girgiza kai, ta jawo bargo ta rufe mata fuska, ta wuce. Mutumin da ke zaune kusa da ita ya tashi ya canza kujera. Duka abin bai kai ƙiftawar ido biyar ba, kuma na tabbata rabin zauren ba su ma lura ba, hankalinsu yana kan mai tabarau. Ni na lura, don yatsun Kaka sun nutse a kafaɗata. Ita kaɗai ta yi salati.

A ƙarshe ba mai tabarau ba ne, wani mai fara'a ne da ke ta taimakon mutane, abin da ya ɓata wa kowa rai. Aka kama shi, jirgi ya sauka yana hayaƙi, zaure ya kaure da kabbara, wata ma ta rangaɗa guɗa. Rubutu ya fara hawa. Baffa ya sauke ajiyar zuciya ya ce ai ga shi nan an sauka lafiya.

"To, ita tsohuwar fa?" in ji Kaka.

Mushe ya duba tele, ya dubi Baffa. Ya ce, "Iya, ba su nuna ba."

Ta sa aka mayar da kaset baya. Muka sake kallon fasinjoji suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ana rungume-rungume, har ƙofa ta zama wayam. Ba wanda ya koma ciki. Kaka ta dafa ni ta miƙe, ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga zanenta, ta ce, "Na fasa."

Kowa ya ɗauka tsoron faɗuwar jirgi ne, kuma da wannan aka yi ta lallashinta kwana uku a banza. Baba ya ce wasa ne. Mushe ya dawo takanas ya yi mata bayani cewa matar nan tana nan da ranta, ana gama ɗauka ta yaye bargon ta tafi gida. Kaka ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Na san wasa ne, ni ba yarinya ba ce. Amma wanda ya shirya wasan, abin da ya saba gani ya shirya. Da a can ana komawa kan mamaci, da ya nuna."

Da liman ya zo ya ce mutuwa a hanyar hajji babban rabo ce, nan ta fito da abin da ke cikinta. Ta ce mutuwa ba ta dame ta ba, ta fi kowa a garin saninta. Shekara talatin tana rufe wa matan garin nan ido, tana ɗaure musu haɓa, ba ta taɓa barin ɗaya ita kaɗai ba har a fita da ita. Ita kuma sai a ja mata bargo a canza kujera? Baba ya daina cin tuwon kirki, Baffa ya gudu Magariya. Ni kuwa, gaskiyar magana, daɗi na ji, don a ɗakinta nake kwana kuma ba na so ta tafi.

Inna, mahaifiyata, ita ce ta warware. Mace ce marar yawan magana, amma ta tambayi abin da maza ba su tambaya ba: wace mace ce daga yankinmu za ta hau jirgi ɗaya da Kaka? Aka bincika, aka sami wata mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a wani ƙauye kusa da Kwaya. Aka aika wa Baffa ya ɗauko ta a babur, don ya rage laifi. Mace mai ƙiba da fara'a, ba ta wuce arba'in ba. Da ta ji abin da ake nema, wato ta koyi wankan gawa saboda Kaka, sai fara'ar ta gudu, ta ce ita ko gidan rasuwa ta je daga tsakar gida take tsayawa.

Kwana uku ta yi a gidanmu. Kaka ta ɗauko taɓarya ta naɗe ta da tsohon zane, ta kwantar a kan tabarma bayan rumbu a madadin gawa. Na ce ni in kwanta mana, Inna ta harare ni har sai da na bar wurin, na koma leƙe ta jikin darni. Kaka ta nuna yadda ake fara wa da alwala, yadda ake gabatar da dama kafin hagu, yadda ba a yaye sutura ko da mata ne zalla, da lokacin da ake zuba kafur. Inna ce ke miƙa ruwa. Ranar farko baƙuwar ta riƙa damƙar taɓarya da ƙarfi, Kaka tana ce mata ta yi a hankali, ba daka za ta yi ba. Rana ta uku ta yi shi daga farko har ƙarshe ba gyara.

Sai Kaka ta riƙe hannunta ta ce, "In na cika a sama, na san ba wurin wanka. Ki laƙƙana mini kalmar shahada, ki rufe mini ido, ki zauna kusa da ni har a sauka. Kada ki canza kujera. In an fita da ni, ki bi ni."

Matar ta ce, "Na ɗauka, Iya."

Kaka ta ɗinka likkafaninta da hannunta, ta haɗa da ƙullin magarya ta sa a jakar hannu, ta tafi. Bayan wata guda da ƴan kwanaki ta dawo garas. Da aka tambaye ta jirgi, ta ce barci ta yi zuwa da dawowa, kuma abincinsu ba yaji. Likkafanin ta tsoma shi a zamzam ta shanya, ta ajiye ƙarƙashin akwati.

Shekara tara ta ƙara. Ta rasu a ɗakinta da asuba, tsakiyar damina, bayan an kwana ana ruwa. Maza suka so a gaggauta, Inna ta ce a buga wa matar Kwaya waya, a kuma jira. Hanya ta cika da ruwa, babur ba ya wucewa. Hantsi ya ɗaga sosai sai ga ta a amalanken jaki, zanenta duk taɓo. Baba ya tare ta yana ba ta haƙuri, ya ce ai da ta yi zamanta, alkawarin na jirgi ne.

Ta ce, "Ba ta ce mini iyakarsa jirgi ba." Ta wanke ƙafa ta shiga. Ita da Inna suka yi, kuma tun ranar jakar saƙin ta koma bayan ƙyauren Inna.

Yanzu ba mai rataya tabarma a ƙofar zaure. Kowa da wayarsa a hannu, yana kallon abinsa shi kaɗai, ba mai daka wa tele tsawa balle a yi gardamar wane ne mugu. Kwanan baya ƴata ta matsa mini muka kalli wani irinsa a wayarta, shi ma a jirgi, shi ma aka rufe wani da bargo aka wuce. Da aka sauka tana ta murna, sai na ji bakina ya ce, to shi wancan fa?

Ta ce, "Mama, ai ba a kansa aka yi labarin ba."

Na karɓi wayar na mayar baya, na tsaya ina kallon ƙofar jirgin har rubutu ya gama hawa.