Layin Ƙarshe na Takardar Tsohon Panya

Kwana huɗu suka rage a hau Arfa lokacin da ma'aikatan tasha suka turo mini wani tsoho. A Jidda aka haife ni, kuma a shekarun can ina tafinta a tashar jirgin ruwa. Hausa da Larabci na gida ne, Turanci na makaranta. Sifaniyanci kuwa a bakin ma'aikatan jirgi na tsinta, rabinsa zagi. Amma ina hura hanci da shi kamar gadona ne.

Tsohon Bahaushe ne daga tsibirin Panya, inda Sifaniyawa ke mulki, da harshensu aka rubuta takardar lafiyarsa. Likitan tasha ba ya jin komai sai Turanci, ya ce in juya masa layi-layi. Suna, shekaru, allura, duk na wuce su. Sai na zo layin ƙarshe, sama da sa hannu, na cije. Ban taɓa jin an jera magana haka ba.

"Yi sauri," in ji likita, yana buga biro a tebur. Bayanmu layi har bakin ƙofa.

Da na ce ban sani ba, da an nemo wani. Girman kai ya hana ni. Kalma ɗaya na gane, ita na miƙa: "Magana ce a kan hannu."

Likita ya kamo hannun tsohon ya juya. Ga wani farin tabo a bayansa.

"Ɗana, gaya masa ƙunar mai ce," in ji tsohon. "Tun ina saurayi."

"Na gaya masa, Baba."

Na faɗa har sau uku. Likita ya riga ya rubuta zargin kuturta. Halas, shi ke nan, sai karantina, inda ake tsare marasa lafiya, har a gwada.

Bayan Salla wani jirgin Sifaniya ya tsaya. Na kai wa kukunsu layin, da yake na kwafe shi tun ranar. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce gaisuwar mutanen da ce, rabonsa da ji tun kakansa: mai rubutu yana sumbatar hannun mai karantawa, ladabi kawai.

Ranar da aka saki tsohon, alhazai sun fara komawa gida. Na je da niyyar faɗa masa gaskiya. Shi ya riga ni magana. Ya kama hannuna da hannun nan mai tabo, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Kai kaɗai ka tsaya mini."