Jakar Inna Geum-rye

A dare, a ba da hanya! Ga Inna Pyo Geum-rye, sarauniyar romon kifi ta kasuwar Bujeon da ke birnin Busan, mai shekara sittin da huɗu, mai gwiwa ɗaya ta haihuwa ɗaya ta ƙarfe, kuma ɗaliba tilo a makarantar Sifaniyancin da ni Bong-su na kafa a bakin tukunyarta.

Kada ku tambayi takarduna. Zango ɗaya na yi a jami'a ina karanta harshen, ni da jami'ar muka ga ba mu dace ba, na koma kai wa mutane abinci a babur. Amma zango ɗaya ai ya fi babu, kuma duk layin masu kifi ba wanda ya yi ko rabinsa.

Inna ƙanwar mahaifiyata ce. Shekara talatin da ɗaya tana tsaye a rumfar da faɗinta taku uku ne. Bara matan cocinsu suka shirya zuwa Sifen su taka hanyar masu ziyarar ibada ta Santiago da ƙafa, wata guda cur, ta ce da ita za a je.

"Inna, me za ki ɗauko a can?"

"Taku uku dama, taku uku hagu, tun ba a haife ka ba. So nake in miƙe sau ɗaya, in yi ta tafiya ban ci karo da bango ba."

Na zo da darussa masu nauyi: gaisuwa, tambayar banɗaki, ƙin cin abin da ba ka sani ba. Ta ture su. Ita kalma ɗaya take so, sunan abin da take yi kullum da asuba, wato hawan matakalar unguwarmu da jaka a baya. Na ce entrenar, horar da jiki. In ke ce mai yi, ki ce entreno. Daga ranar duk wanda ya tare ta a matakala ya ce, "Geum-rye, tashi za ki yi daga unguwar ne?" sai ta jefa masa "Entreno!" ta wuce. Tsoho Gwak mai ɗinki har yau yana zaton zaginsa take yi.

Matsalar ita ce Da-som, 'yarta, ma'aikaciyar jinya. Ita ta sayi tikiti, ita ke riƙe da fasfo, kuma ba ta yarda da gwiwar ƙarfen nan ba. Ta kafa sharaɗi: Inna ta hau dutsen Geumjeong, ta bi tsohuwar ganuwa, ta sauko ta wajen haikali kafin biyar na yamma, da jakar kilo bakwai. Za a auna a farko, a auna a ƙarshe. In ta makara ko jakar ta ragu, an fasa tafiya. Aka naɗa ni shaida.

Da safe jaka ta hau sikeli, bakwai daidai. Muka kama hawa. Ba zan ɓoye ba, kafin awa biyu ni ne nake rungumar bishiyoyi.

"Malam, ko in goya ka?"

"Nazarin itatuwa nake, Inna."

"Yi sauri ka gama digirin, wannan dai kada ka bari a rabi."

Da rana ta take muka zauna a Ƙofar Arewa ta ganuwar, inda kowa ke shimfiɗa tabarmarsa. Inna ta zuge jaka, na leƙa ciki. Na ɗauka ɗanyar shinkafa ta zuba, kamar yadda take yi a matakala. Ina! Gimbap ne, wato dafaffiyar shinkafa naɗe da ganyen teku, jere kamar itace, da soyayyen kifi, da kimchi, kabejin nan mai tsami da yaji, kwano biyu.

"Inna, wannan fa shi ne nauyin! In aka cinye, me za a auna?"

"To in hau dutse da ɗanyar shinkafa, mutane na kallona? Wa ya taɓa cin abinci shi kaɗai a nan?" Ta ɗaga murya. "Yaya mai jar hula, matso! 'Yan mata, ku kawo hannu!"

Na roƙe ta, na ambaci fasfo. Ta san abin da take yi sarai, don na ga ta ɗaga jakar ta ji yadda ta koma ba nauyi. Sannan ta miƙa wa wani dattijo naɗi na ƙarshe.

Abin da na manta, ni mai ilimi, shi ne a kan dutse ba a mayar da kwano fanko. Mai jar hula ya kawo kokwamba shida. Wasu mata suka juye lemo. Ga dafaffen ƙwai, ga dankali, ga goran ruwa. Da labari ya zaga cewa Sifen za ta, wani ya taho da rabin kankana, ya rantse ba zai sauka da ita ba. Inna tana cewa "Haba, ya isa," tana turawa ciki. Na ce ta ba ni wasu in riƙe.

"Ni aka ba."

Saukowar ta yi mata wuya. Gwiwar ta fara magana, ta riƙa sauka a karkace, dutse ɗaya bayan ɗaya, ba ta ƙara tsokanata ba. Sau biyu na kai hannu ga jakar, sau biyu ta buge shi.

Biyar saura kwata muka iso. Da-som ta rataya jaka a sikeli, ta duba, ta sauke, ta sake ratayawa. Tara da rabi.

"Mama, me kika zuba a ciki?"

Ta leƙa ta ga kankana. Ta duƙa ta daɗe tana latsa gwiwar uwarta, sannan ta zaro fasfo daga aljihu ta ɗora mata a cinya.

Ni kuwa na haye benci, na sanar da duk masu jiran bas cewa su kalli matar nan da kyau, su gaya wa jikokinsu, domin Busan ba ta taɓa fitar da irinta ba, kuma Sifen ta fara gyara duwatsunta.

Inna tana kwance igiyar takalmi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Sauko daga bencin mutane. Ka nemo min leda, kankanar nan tana zuba."