Uwar Makullai da Akwatin Shaida

Shekara ashirin da shida tana sharar cocin nan, har sunanta na yanka ya ɓace a bakin mutane. Uwar Makullai kowa ke ce mata, saboda tarin makullan da take ɗaurewa a bakin zani. Ita ke buɗe ƙofa, ita ke goge benci, ita ke kankare cingam ɗin da yara suka manna a ƙarƙashinsu, tana yi tana mita. Gajeruwar mace ce mai kaifin ido, ba ta magana a taro. A gida kuwa, mijinta Kafinta zai gaya maka, bakin nan ba ya zuwa hutu.

Ubanta ma'aikacin jinya ne a wani ɗakin shan magani da ke jingine da wata tsohuwar majami'a. Ɗaki ɗaya, tebur ɗaya, sai tukunyar da ake dafa allura a ciki. Ba ya soka wa mutum allura sai ya ɗora masa hannu ya yi addu'a, ba ya kuma sallamar kowa da addu'a kaɗai in akwai ƙwaya a kwalba. Tana 'yar shekara tara sanƙarau ya kama ta, wuya ya sandare, uwarta har ta fitar da rai. Dattawan ikilisiya uku suka zo da ɗan mai, suka shafa mata a goshi, suka durƙusa. Suna cewa amin uban ya juya ta ya soka allura. A kwana na huɗu ta nemi ruwa da bakinta. Da ta yi wayo ta tambaye shi wanne ya tashe ta, man ko allurar, sai ya ce, "Ke dai da tambayar tsiya. Duka biyun ai hannu ɗaya ne ya ba mu."

Don haka kada wani ya ce ba ta yarda da addu'ar warkarwa ba. Ta ga abin da ta gani. Ta ga matar da likitoci suka ce a kai ta gida a jira lokaci, aka kewaye ta da addu'a, yau ga ta nan tana goyon jikoki.

Shekara bakwai da suka wuce aka kawo sabon Fasto, matashi mai murya, kuma tsakani da Allah yana ƙaunar mutanensa. In ka kwanta ciwo, shi ne farkon mai sallama a ƙofarka. Shi ya fara sujadar warkarwa a Lahadin ƙarshen wata, shi ya sa Kafinta ya ƙera akwatin katako mai rami a sama, aka ajiye a gaban bagade, inda Fasto ke tsayawa, aka sa masa suna akwatin shaida. Wanda aka yi wa addu'a ya ji a jikinsa ya warke, sai ya fito ya ba da shaida, ya jefa maganinsa a ciki, a yi ta tafi. Fasto bai taɓa cewa dole ba. Amma kana tsaye gaban mutum ɗari uku, ganga na tashi, na kusa da kai ya jefa nasa, kai wane ne da za ka mayar da naka aljihu?

Aikin Uwar Makullai ne ta kwashe akwatin ran Litinin ta ƙone abin da ke ciki. Litinin ta farko ta kai shi ramin shara a bayan coci, har ta kunna wuta. Sai idonta ya faɗa kan wata 'yar ambulan da aka rubuta suna a kai. Ta Kaka ce, tsohuwar da ke zama a bencin gaba, kuma maganin ciwon suga ne. Ta tsaya riƙe da ita har wutar ta cinye kanta.

Daga ranar ta tsiri hanyarta. Sai ta kulle kanta a ɗakin ajiye tsintsiya, ta zazzage akwatin a kan tebur, ta ware na kowa daban. Mai suna ta bi sunan. Marar suna ma ta san mai shi, don tana tsaye a baya ran Lahadi, idonta bai bar hannun kowa ba. A ramin kuwa kwalaye marasa komai take ƙonawa don a ga hayaƙi. Daga nan ta zuba kayan a jakar cefane ta bi gida-gida. Ba ta taɓa cewa "ga maganinki" ba. Sai ta ajiye a gefen tebur ta ce, "An manta da wannan a coci," ta tambayi lafiyar yara, ta kama gabanta. Ba wanda ya taɓa mayar mata, ba kuma wanda ya taɓa yi mata godiya. Ran Lahadi sukan gaishe ta suna kallon wani wuri. Ta san akwai ha'inci a ciki, tana kuma neman gafara duk Litinin, amma washegarin sujada sai ta sake.

Kwatsam wata Lahadi ta hango ƙeyar da ta fi sani a duniya a cikin layin masu fita gaba. Kafinta ne. Shekara biyar yana fama da hawan jini, 'yar farar ƙwaya guda kullum safe, ita ke ajiye masa kusa da kofin shayi. Ya ce Fasto na ɗora masa hannu ya ji nauyin da ke ƙeyarsa ya sauka. Ya ɗaga maganin sama ya jefa, coci ya ɗauki tafi. Ita kuwa gabanta ne ya faɗi.

Ran Litinin ta same shi a shagonsa yana goge katako. Ta ajiye maganin a kan tebur cikin ɓawon katako, bakinta ya faɗi abin da ya saba.

"An manta da wannan a coci."

Ya ɗago ya dube ta. "Ba mantawa na yi ba, Maman yara. Ni na ƙera akwatin nan, na san abin da aka yi shi dominsa. Ya aka yi ma wannan ya tsallake wuta?"

"Baban yara, ka sha, a ci gaba da addu'ar. Wa ya ce ɗaya na korar ɗaya?"

"Haba! Kaka da ciwon suga ta jefa nata shekara bakwai, ga ta nan garau. Shugaban mawaƙa ya jefa na asma, kin taɓa jin numfashinsa ya sarƙe? Kowa ya riƙe bangaskiyarsa, sai ni zan tsaya gaban jama'a in ce Ubangiji ya warkar da ni, in dawo gida in haɗiya a ɓoye?"

Duk wanda ya lissafa, ita ce ta kai masa nasa har gida. Ashe shirun da ta yi shekara bakwai shi ya sa akwatin ya zama abin gaskatawa, ga shi yau ya biyo ta har ɗaki. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Ta zauna a kan katako ta faɗa masa komai, tun daga ambulan ɗin Kaka.

Bai yarda ba. "Don ki ci gardama za ki ɓata sunan bayin Allah? Ki ji tsoron Ubangiji mana."

Ta koma gidajen nan, wannan karon hannu wofi, tana roƙon mutum ɗaya tak ya je ya gaya wa mijinta gaskiya. Shugaban mawaƙa ya ce bai gane zancen ba. Kaka ta riƙe mata hannu ta ce, "'Yata, kin rufa mana asiri, kada ki tona shi da tsufana." A gida kuwa idon Kafinta ya yi jawur, yana yawan dafe ƙeya. A mako na uku tana tsaye guduma ta suɓuce masa, ya yi dariya ya ce zufa ce. Tsoro ya hana ta cin abinci.

Lahadin ƙarshen wata ta zagayo. Da aka ce masu shaida su fito, sai ga Uwar Makullai ta taho daga baya, matar da ba a taɓa jin muryarta a cocin ba. Ta ƙi karɓar lasifika.

"Ni ma addu'a ta taɓa tashe ni, ban zo raina ta ba," in ji ta. "Amma shekara bakwai ban ƙone ƙwaya ko ɗaya daga akwatin nan ba. Na mayar wa kowa nasa, kowa kuma ya karɓa. Fasto, ka yafe mini, na ha'ince ka. Yanzu mijina ya jefa nasa, yana ganin ku kun daina sha. Ba zan kira sunan kowa ba. Don girman Allah, wanda na taɓa kai wa, ya miƙe tsaye kawai, mijina ya gan shi."

Wuri ya yi tsit kamar an yi mutuwa. Ta bi bencin da kallo, ɗaya bayan ɗaya, bencin da ta goge da hannunta jiya. Ta sake cewa, "Mutum ɗaya." Wani jariri ya yi kuka, uwarsa ta fita da shi. Ba wanda ya motsa. Fasto ya sauko, fuskarsa ta canza, ya ce a hankali, "Mama, je ki zauna, za mu yi magana." Bayan an tashi dattawa suka kira ta ofis suka ce ta ɗan huta tukuna, ta kwance makullan ta ajiye musu.

Ta iske Kafinta ya riga ta gida, yana zaune a bakin gado bai ko cire takalmi ba. Ta wuce za ta ɗora girki.

"Maman yara, zo."

Ta tsaya a bakin ƙofa.

"A gefe nake zaune, ina ganin fuskokinsu. Kina fara magana Kaka ta danne jakarta da hannu biyu. Shugaban mawaƙa kuwa kamar ƙasa ta tsage ya shige." Ya ɗaga kai ya kalle ta. "Kika tsaya ke kaɗai, ni ma da nake mijinki ban tashi ba. Ina abin yake?"

Ta ɗauko ta miƙa masa. Ya sa yatsu zai ɓalle ƙwayar, sai ta suɓuce masa ta faɗi. Ya sake, ta sake faɗuwa. A lokacin ne ta lura hannunsa na dama yana kwance a cinya kamar ba nasa ba, da hagu yake ta kokawa.

"Tun yaushe?"

"Tun Juma'a. Na ɗauka gwajin bangaskiya ne."

Ba ta yi kuka a nan ba. Ta fita da gudu ta tare mota.

Kafinta ya rayu. Likita ya ce da sun ƙara kwana biyu da sai dai wani labarin. Wata na gaba aka shiga coci ba a ga akwatin ba, ba a kuma yi sanarwa ba. Amma hannun nan bai sake riƙe guduma ba, aka rufe shago. Ita ke ɓalla masa maɓallin riga kullum safe. Mutane sukan ce mata ta ceci ran mijinta, sai ta girgiza kai.

"Ran nasa Ubangiji ne ya bar mana," takan ce. "Hannun kuwa, da na buɗe baki tun Litinin ta farko, da yana nan."