Mabiyiyar Zeinabu da Marin da Na Sha

Cikin duk kwanakin aikina akwai wata Talata da ban taɓa mantawa ba, kuma ba na neman in manta. Tsakiyar bazara ce, a wata maternite, wato asibitin haihuwa, ta nan Agadas, inda na yi shekara ashirin da shida ina fidasal. Ku 'yan mata sababbin shiga, ku gyara zama, ba gajeruwa ba ce.

Bari in fara da matsayi, don wanda bai san gidan ba. A sama akwai majo, shugabar ɗakin haihuwa. Ƙarƙashinta sajifam, masu karɓar haihuwa. Can ƙasa sai mu fidasal: shara, wanke gado, wanke jini, ɗebo ruwa. Ni Saratu ban shiga lakol, makarantar boko, ba ko na yini guda. Daga wajen Dogonduci na biyo maigidana da ya samu aiki a ma'adinar gawayi ta Anu Araren. Kirista ce ni, garin nan kaf ya sani, kuma matan tsohon gari sun haihu a gabana, 'ya'yansu ma sun dawo sun haihu a gabana. Inna Saratu suke ce mini.

Akwai aiki ɗaya da ba a rubuta cikin takardar kowa ba, amma nawa ne. In mace ta sauka, mabiyiya ta faɗo, ni ke wanke ta, in naɗe cikin tsumma mai tsabta, in sa a leda, in miƙa wa tsofaffin gidansu su kai gida su binne. Mutanenmu sun riƙe cewa in mabiyiya ta ɓace ko aka binne ta ba daidai ba, macen ba za ta ƙara haihuwa ba. Ko kun yarda ko ba ku yarda ba, matar da ke kwance kan gado ta yarda, kuma ita ce za ta kwana da tsoron. Tunda ban iya rubuta suna ba, sai na yi tawa dabarar: in yagi ɗan ƙyalle daga zanen da macen ta haihu da shi, in ɗaure bakin ledar. Ban taɓa musanya ta wata da ta wata ba.

Sai aka kawo mana sabuwar majo daga Yamai, Madam Halima. Ba muguwa ba ce, ta san aikinta, cuta take tsoro. Ta kafa doka: duk abin da ya fito daga ɗakin haihuwa a kai shi ramin shara da ke bayan ginin, maigadi Malam Isufu ya zuba man gazuwal ya ƙone bayan la'asar.

Na ce, "Madam, mabiyiya ba shara ba ce."

Ta ce, "Inna, wannan tsohon yayi ne."

Na ce, "Ni ma tsohuwar yayi ce, ga ni kuma ina aiki."

Ta yi dariya, na ɗauka magana ta wuce. Na ci gaba da ɗaurina.

Ranar Talatar nan mata uku suka haihu kafin azahar. Ta ukun Zeinabu ce, wadda ta shekara shida a ɗakin miji ba ko ɓari, sai ga ɗa namiji. Uwarta, Hajiya Azara, 'yar gidan dukawa ce ta tsohon gari, mace mai jiki da murya. Na wanke mabiyiya, na ɗaure da ƙyallen zanen Zeinabu, shuɗi mai zanen tsuntsaye, na aje cikin roba ƙarƙashin gado tare da sauran biyun. Ruwan pampo ya ɗauke, majo ta aike ni in ɗebo a tano, gangar da muke tara ruwa. Kafin in dawo ta sa an kwashe robar an juye a rami.

Na shigo da guga cike a hannu, Hajiya Azara ta tare ni tsakiyar ɗakin, mata sun fi goma suna kallo.

"Saratu, ina abin ɗiyata?"

Na leƙa ƙarƙashin gado, wayam. Kafin in buɗe baki wata cikin 'yan barka ta ce, "Su waɗannan Kiristocin ai ba su san darajar abin ba. Wa ya sani ma ko sayarwa take yi?"

Sai ji na yi tas! Hajiya ta wanke ni da mari, har ɗankwalina ya zame.

'Yan mata, ni ɗiyar mafarauta ce. Maigidana har Allah ya karɓe shi bai taɓa nuna ni da yatsa ba. Hannun nan da kuke gani ya yi shekara hamsin yana daka. Na ji jini ya hau mini kai, kunnena na ƙara, gugan nan ya zama ba nauyi. Na ga daidai inda zan sauke mata shi. Ƙa'idar gidan kuwa a fili take: ma'aikacin da ya bugi mara lafiya ko ɗan rakiya, ranar zai tafi, ni kuma saura shekara biyu in aje aiki in samu haƙƙina. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, a lokacin ko tuna aikin ban yi ba.

Abin da ya faɗo mini shi ne karatun da fasto ya yi mana a majami'a kafin Ista. Lokacin da aka kama Ubangiji Yesu, wani dogari ya mare shi gaban manya. Bai rama ba. Amma kuma bai sunkuyar da kai kamar mai laifi ba, ya dubi mutumin ya nemi ya faɗi abin da ya yi har ya cancanci mari. Ranar da na ji karatun na ce a raina, wannan kam zan iya. Ashe gwaji na tafe.

Na aje gugan a hankali, ko ɗigo bai zuba ba. Na gyara ɗankwalina. Na ce, "Hajiya, faɗi laifina gaban matan nan. In kin gan ni na ɗauka, faɗi. In ba ki gani ba, to don me kika mare ni?"

Hajiya ta kau da kai. A bayanta Zeinabu ta rungume jariri tana kuka ba sauti, ta riga ta yanke wa kanta cewa shi ke nan, daga wannan ba wani. Sai na gane Hajiya ba ni take gani ba, shekara shida take gani.

Na juya, ga majo tsaye bakin ƙofa, ta ga komai, ba ta tare mini ba. Nan fushina ya samu inda ya dace.

"Madam, faɗa musu inda take."

Ta ce, "Doka ce, Inna. An kai rami."

Ɗakin ya kaure da salati. Ni kuwa na zari safar hannu biyu na nufi ramin. Na iske Malam Isufu ya fito da jarkar gazuwal, yana jiran a yi la'asar.

"Malam Isufu, aje jarkar nan, ba ni takalman robarka da tsani."

"Haba Inna, akwai allurai da kwalabe a ciki. Majo kuma..."

"In za ka kunna, ka kunna da ni ciki."

Ya dube ni, ya ce, "Ke da Allah, tsohuwar nan," ya tuɓe takalman. Shi ya riƙe mini tsanin.

Ramin ya fi tsayina. Warin da zafin rana ya dafa ba sai na kwatanta muku ba, kun san shi. Ina ture ledoji da kara, ina faɗa wa Ubangiji a fili, "Kai ka hana ni ramawa, to kai za ka nuna mini." Ledoji duk iri ɗaya ne, da suna aka rubuta da ban gane ba. Sai ga shuɗin ƙyalle mai tsuntsaye. Kusa da shi ja, sai fari mai ɗigo. Duka ukun na hauro da su.

Na sake wanke su, na sake tsumma, na ba kowace tata. Ta Zeinabu na miƙa wa Hajiya da hannu biyu, na ce, "Ga amanarku. Duba ƙyallen." Zeinabu ta ɗago ta ce, "Zanena ne, Inna, zanena ne!" Hajiya ta karɓa, ta rufe da mayafi, ta fita.

Majo ta kira ni biro, ofishinta. Ta ce na karya doka, na jefa kaina cikin haɗari, sai in ba da bayani a rubuce.

Na ce, "Ban iya rubutu ba, Madam, ke rubuta. Ki sa: Saratu ta shiga rami, ta fito da uku. Ki ƙara: gobe in an jefa, za ta sake shiga."

"Inna, kin san zan iya kai ki sama a kore ki?"

"Na sani. An mare ni saboda dokarki kina tsaye, ban zage ki ba, ba kuma zan zage ki ba. Amma ba za ki ji na ce na tuba ba."

Ta dakatar da ni kwana takwas. Na dangwala yatsa na tafi gida.

A gida ne na gane hana hannu ramawa shi ne mai sauƙin. Marin ya biyo ni. Ina tuƙa tuwo ina shirya maganganun da ya kamata in faɗa wa Hajiya, ina ƙara musu gishiri. Ranar Lahadi a majami'a aka kawo jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da muke ci don tunawa da shi, kowa ya miƙe, ni na kasa. An koya mana cewa mai riƙo da wani ya fara zuwa su shirya kafin ya matso. Na ce, "Ubangiji, ita ta mare ni, ita ya kamata ta zo." Shiru. Na san shirun nan, na daɗe da shi.

Ranar suna na ɗaura atamfata mafi kyau, na fito da gicciyena saman riga, na shiga lungunan tsohon gari. Ba don tana da gaskiya na je ba, ba ta da ita. Na je ne don na gaji da ɗauke da ita a ƙirjina. Da na yi sallama mata suka zuba mini ido. Hajiya Azara ta taso. Ba ta ce in yafe mata ba, irinsu ba su iya ba. Hannuna ta kama, ta ja ni bayan ɗakin Zeinabu, inda ba a kai baƙo, ta nuna mini ƙasa da ɗan yatsan ƙafa.

"Nan take," in ji ta. "Da kaina na haƙa."

Na duba wurin, na ce, "To, kin iya."

Ta ce, "Zo ki ci abinci, bakinki ya fi hannuna zafi."

Da na koma aiki na iske majo ta sauya tsari: a sa kowace mabiyiya cikin leda biyu, dangi su sa hannu a takarda, su tafi da abinsu. Ba ta ce saboda ni ba ne, ban kuma tambaye ta ba. Na cika shekarata biyu na fita da mutuncina.

Ga abin da aikin nan ya koya mini. Mutanen da ke zuwa ɗakin haihuwa a tsorace suke, kuma mai tsoro kan huce kan wanda ya fi kusa, wato ku. Za a zage ku kan laifin da ba naku ba. Kada wani ya ce muku mai bin Yesu ba ya fushi, ko kuma sai ya kwanta a taka shi. Ranar nan na yi fushi matuƙa, kuma fushin ne ya saukar da ni cikin rami. Da Hajiya na sauke wa shi, da kafin a gama raba mu Malam Isufu ya kunna wuta, Zeinabu ta koma gida da tsoronta, ni na koma ba aiki. In an mare ku, ku aje abin da ke hannunku, ku tsaya kyam, ku tambayi laifinku da babbar murya. Sa'annan ku duba wadda ke kwance kan gado, ku ga me take bukata kafin la'asar.